Kuka, guro, kaɗa da goro: tambayoyi da amsoshi kan nasabar dangi guda

Mai kaɗa miyar kuka, mai yanka guro, mai ɗaure buhun kaɗa da mai kasa goro a Tsohuwar Kasuwa, dukansu da tsirrai 'yan gida ɗaya suke hulɗa. Masana tsirrai suna kiran wannan gida Malvaceae. Tambayoyin nan irin waɗanda ɗalibai da manoma a nan Sakkwato suka fi yi ne idan aka ta da zancen. Inda na ce guro, sure ko kaɗa, mutumin Kano sai ya karanta kuɓewa, yakuwa ko auduga.

Su wa da wa ke cikin wannan dangi?

Suna da yawa: nau'i sama da 4,000, a cikin jinsi kusan 250, kuma galibinsu a ƙasashe masu zafi suke. A gonakinmu akwai guro, sure, rama, kaɗa da lalo. A daji da bakin gari akwai kuka, rimi, gurjiya, kukkuki, dargaza da hankufa. Goro da koko ma nasu ne, ko da yake ƙasar Sakkwato ba ta fid da su. Can nesa akwai duriyan, ɗan itacen nan mai ƙaya da wari da mutanen Malesiya ke ji da shi, da balsa, katakon Amurka ta Kudu mara nauyi.

Don kada mu rikice a gaba: dangi shi ne babba, a ƙarƙashinsa akwai reshe, sannan jinsi, sannan nau'i. Sure nau'i ne, jinsinsa Hibiscus, reshensa Malvoideae, danginsa Malvaceae.

Malam, kukar da mutum goma ba su rungume ta, me ya haɗa ta da guron da ke mutuwa a damina guda?

Fure ya haɗa su. Girman jiki ba ya faɗin nasaba, domin a dangi ɗaya akan samu ciyawa a samu bishiya. Fure kuwa ba ya saurin canza tsari.

Ka shiga fadamar Kwalkwalawa da hantsi, kafin rana ta yi tsaka furen guro ya yanƙwane, ka tsinko ɗaya. Kunnuwansa biyar ne, rawaya, gindinsu ja wur kamar an ɗiga jini. Ka ɓare su. A tsakiya za ka ga ɗan sanda tsaye, jikinsa duk ƙananan ƙulle-ƙulle masu garin fure. Wannan sanda sassan namiji ne suka manne da juna suka zama bututu, sashen mace kuma ya bi ta cikin bututun ya leƙo a sama da kawuna jajaye masu laushi. Ka shafa garin a yatsa, za ka ji shi da ɗan kauri, yana mannewa. A madubin ƙara girma kowace ƙwaya ƙaya gare ta. Furen kaɗa, na sure da na rama duk haka suke.

To ka jira farkon damina ka tsaya ƙarƙashin kuka da magariba. Furenta fari ne, babba, yana reto kai ƙasa a kan dogon mariƙi. Da dare yake buɗewa, da wani irin wari da jemagu ke so, su ne kuma ke yi masa barbara. Idan ya faɗo da safe ka ɗauka ka duba: kunnuwa biyar, bututun namiji a tsakiya, sai dai na kuka ya watse a ƙarshe ya zama tuntu mai zare ɗaruruwa, sashen mace ya ratso ta ciki. Gini ɗaya ne, an dai faɗaɗa shi.

Akwai sauran alamomi. Jijiyoyin ganye suna tashi daga wuri ɗaya kamar yatsun hannu. Gashin jikin ganye da kara, a yawancinsu, a madubi tauraro-tauraro yake. Ɓawonsu kuma igiya ne: shi ya sa ake jiƙa rama a saɓe ta, ake ɗaye gindin kuka a tufka igiya, ake ɗaure darni da dargaza, a Bangaladesh da Indiya kuwa da karan lalo ake saƙa buhun algarara.

Ashe ba yauƙi ne babbar alamar ba? Kuka, guro da lalo duk miyar yauƙi ne.

Yauƙi yana cikin alamomin, amma shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Tsirran dangin nan suna da ƙwayoyi da 'yan hanyoyi a jiki masu tara wannan abu mai santsi, wanda ke riƙe ruwa. Har goro bai tsira ba: hannun-ruwa, wanda ɓarinsa ya wuce biyu, yana ɗan yauƙi a baki.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Karkashi ya fi da yawansu yauƙi, amma ɗan dangin riɗi ne, furensa kamar ƙaramin kakaki, ba bututun namiji, ba gashi mai tauraro. Ogbono da ake kawo mana daga kudu shi ma na wani gida ne can daban. Sure kuwa ɗan dangi ne na haƙiƙa, amma tsami ya fi yawa a ganyensa. Da tukunya ce alƙali, da an saka karkashi an fid da sure, kuma da an yi kuskure sau biyu.

Littafin da muka karanta ya raba su dangi huɗu. Wanne ne daidai?

Littafinku bai yi ƙarya ba, tsufa ya yi. Bafaranshe Antoine-Laurent de Jussieu ne ya kafa sunan dangin a 1789, masanan da suka biyo baya kuma suka yi ta tsaga shi har aka zauna a kan huɗu. Malvaceae ƙarami ya ɗauki guro, sure, rama da kaɗa. Bombacaceae ya ɗauki kuka, rimi da gurjiya. Sterculiaceae aka ba shi goro, koko, kukkuki da hankufa, Tiliaceae kuma lalo da dargaza. Da wannan rabo John Hutchinson da John Dalziel suka tsara babban kundin tsirran Afirka ta Yamma wanda ya fara fita a 1927, kuma daga gare shi littattafan makarantunmu da yawa suka sha. Dalziel likita ne da ya yi aiki a Arewa, shi ne ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916.

Tun a lokacin iyakokin ba su zauna ba. Akwai tsirran da wannan masani zai saka nan, wancan ya mai da su can. Da aka fara karanta DNA, wato rubutun gadon halitta, na tsirran nan a shekarun 1990 sai dalili ya fito. Ayyuka biyu da aka buga a 1999, ɗaya na Clemens Bayer da abokan aikinsa, ɗaya na William Alverson da nasa, sun nuna cewa Sterculiaceae da Tiliaceae tarkace ne, an tara waɗanda ba su fito daga tushe ɗaya ba, an kuma raba waɗanda suka fito. Malvaceae ƙarami ne kawai ya kusa tsayawa yadda yake. Ƙungiyar masanan da ake kira APG, wadda ta fid da tsarinta na farko a 1998 ta sabunta shi a 2003, 2009 da 2016, ta haɗe huɗun suka zama dangi ɗaya. Rabon da aka fi bi a cikinsa reshe tara ne.

Akwai masanan da suka fi son kowane reshe ya zama dangi mai cin gashin kansa. Wannan saɓanin suna ne, ba na nasaba ba, domin duk sun yarda da wa ya fi kusa da wa. Ɗalibi mai jarrabawa ya duba abin da manhajarsa ta ce, amma ya san inda aka kwana.

Ta yaya DNA ke nuna nasaba?

Mutumin Sakkwato bai kamata wannan ya ba shi wuya ba, domin mun san kwafar littafi da hannu. A ce wani malami ya kwafi littafi ya tsallake kalma ɗaya a shafi na goma. Almajiransa uku suka kwafa daga nasa, duk suka gaji tsallaken. Ɗaya daga cikinsu ya ƙara nasa kuskuren a shafi na talatin, waɗanda suka kwafa daga gare shi suka gaji biyu. Bayan shekara ɗari, mai bincike a ɗakin adana rubuce-rubuce na Waziri Junaidu zai iya jera kwafe-kwafen nan ya ce wannan daga wancan ya fito, ko da ba wanda ya rubuta sunansa a ƙarshe. Ba kyan rubutu ko launin tawada zai duba ba, kurakuran da aka yi tarayya a kansu zai bi.

DNA rubutu ne mai haruffa huɗu da ake kwafa daga uwa zuwa iri. Jefi-jefi harafi yakan canza, zuriya ta gaji canjin. Masu bincike sukan zaɓi gurbi ɗaya a tsirrai da yawa, su jera haruffan, kwamfuta ta lissafa bishiyar nasabar da ta fi dacewa da canje-canjen. A 1999 gurabe kaɗan aka karanta, masu suna rbcL, atpB da ndhF, dukansu daga ƙwayar koren ganye mai haɗa abinci da hasken rana. Yau ana karanta rubutun tsiro gaba ɗaya: na koko ya fito a 2010 zuwa 2011, na kaɗar daji ta Amurka a 2012, na kaɗar da ake nomawa a 2015.

Hanyar tana da nata tarko. DNA na ƙwayar koren ganye a yawancin tsirrai ta wajen uwa kaɗai yake zuwa, don haka idan nau'i biyu suka taɓa yin barbara a da, shi zai ba da labari ɗaya, na cibiyar ƙwayar halitta ya ba da wani. Shi ya sa ba a tsayawa a gurbi guda.

To wa ya fi kusa da wa?

Tun da wuri rassa biyu suka ware gefe: Byttnerioideae, inda koko da hankufa suke, da Grewioideae, inda lalo da dargaza suke. Sauran bakwai suka tafi tare. A cikin bakwai ɗin, biyu sun fi kowa kusa da juna: Malvoideae na guro, sure, rama da kaɗa, da Bombacoideae na kuka, rimi da gurjiya. Biyar da suka rage su ne Sterculioideae na goro da kukkuki, Tilioideae na wasu itatuwan ƙasashen sanyi, Dombeyoideae da suka yi yawa a Madagaska, Brownlowioideae na kudu maso gabashin Asiya galibi, da Helicteroideae inda aka saka duriyan da katakon obece. Jerin waɗannan biyar ɗin har yanzu masana na ja-in-ja a kansa, saboda sun rabu kusa da kusa cikin ɗan lokaci.

Ga abin da ke sa mutane riƙe baki. Kuka ta fi lalo kusa da guro, alhali lalo da guro a kunya ɗaya ake shuka su, damina ɗaya suke rayuwa. Lalo kuwa can gefen koko ya faɗa. Hankufar da ke bakin hanya, wadda masu maganin gargajiya ke haƙar saiwarta, reshe ɗaya take da itacen cakulan.

Goro da koko duka suna hana barci, ba wannan ne shaidar kusancinsu ba?

Abin da ya ruɗi na da ke nan, a wani ɓangare. Dukansu itatuwan kurmi ne masu son inuwa da ruwa, dukansu 'ya'ya a cikin kwanso, dukansu da sinadarin kafin da ɗan'uwansa tiyoburomin. Amma DNA ta ce goro ya fi kusa da kaɗa da kuka fiye da koko.

Kafin ba gadon gida ɗaya ba ne. Kofi na da shi, shayi na da shi, kuma kowannensu daga dangi mai nisa yake. Binciken rubutun gadon kofi da aka buga a 2014 ya nuna cewa hanyar haɗa kafin a kofi daban ta samo asali da ta shayi da koko.

Wanda yake son ganin ɗan'uwan goro na kusa a ƙasarmu ya nemi kukkuki a kan tudu mai duwatsu, itacen nan mai ɓawo mai saɓulewa da ƙaro. 'Ya'yansa kwansuna ne har biyar, kowanne ware, sun buɗe kamar tauraro, haka na goro suke a kan uwa. Furensu duka biyu ba shi da kunnuwa, ƙoƙon ne ke yin launi. Furen koko kuwa ƙarami ne, yana da kunnuwa, kuma a jikin gangar itacen yake tsirowa.

Asalinsu ma ba ɗaya ba. Jinsin Cola, mai nau'i sama da 100, na Afirka ne zalla. Goron da muka fi ci, Cola nitida mai ɓari biyu, shi ne fatake ke zuwa Gwanja nema a ƙarni na 19, ayari-ayari daga Sakkwato, Jega da Kano har kasuwar Salaga, kafin gonakin ƙasar Yarbawa irin na Shagamu su karɓe kasuwar. Koko kuwa ɗan Amazon ne, an samu alamar amfani da shi a ƙasar Ekwado tun kimanin shekaru 5,300, kuma bai iso Afirka ta Yamma ba sai ƙarni na 19.

Sure, zoɓo da rama fa? Wasu na cewa abu ɗaya ne.

Sure da zoɓo tsiro ɗaya ne, Hibiscus sabdariffa. Ganyen ne ke shiga miya da fate, ƙoƙon da ke kumbura ya yi ja bayan fure ya faɗi shi ne zoɓo, irin kuma shi ne gurguzun da ake daddawar batso da shi. Rama nau'i ne daban, Hibiscus cannabinus, amma su biyun suna ƙungiya ɗaya a cikin jinsin. Rama tana da sandunan gado, wato kuromosom, 36, sure yana da 72, ninki biyu cif.

Guro ya fi ban sha'awa. Masanin tsirrai Linnaeus a 1753 ya saka shi cikin Hibiscus. Daga baya aka fid da shi aka ba shi jinsin Abelmoschus, saboda ƙoƙon furensa yakan tsage gefe guda ya faɗi tare da furen, ba ya zama kamar na zoɓo. Da DNA ta zo sai ta nuna cewa Abelmoschus a tsakiyar Hibiscus ya tsiro. Ma'ana, an cire shi daga gidan a takarda, a nasaba kuwa yana ciki. Sandunan gadonsa galibi 130 ne (na ɗan Adam 46), alamar cewa shi ma haɗe-haɗe ne. Akwai kuma guro na biyu na Afirka ta Yamma, Abelmoschus caillei, dogo mai jinkirin haihuwa, da aka fi nomawa a kudu, wanda nasa suka kusa 200.

Ganyen rama yana kama da na wiwi. Akwai dangantaka?

Babu. Kamannin ganye ne kawai, kuma shi ya jawo mata rabin sunanta na Latin. Wiwi na dangin Cannabaceae ne, ya fi kusa da ɓaure da magarya fiye da rama. Babu abin maye a kwaɗon rama.

Kaɗar da muke nomawa ta nan ce ko baƙuwa?

Amsar ita ce duka biyu, kuma wannan shi ne labari mafi daɗi a dangin.

Jinsin Gossypium yana da nau'i kusan 50 a busassun wurare na Afirka, Arabiya, Ostireliya da Amurka. Yawancinsu ba su da zaren kirki. Huɗu kawai ɗan Adam ya mai da na gona, kuma a wurare daban-daban, ba wanda ya koya wa wani. Biyu na wannan ɓangaren duniya ne, wato Afirka da Asiya, herbaceum da arboreum, masu sandunan gado 26 da gajeren zare. Biyu na Amurka ne, hirsutum da barbadense, masu sanduna 52.

Me ya sa na Amurka suka ninka? Da aka duba sandunan sai aka ga 26 manya ne irin na kaɗar Afirka da Asiya, 26 ƙanana irin na kaɗar dajin Amurka. Bayanin da masana suka tsaya a kai shi ne: kimanin shekaru miliyan ɗaya zuwa biyu da suka wuce, irin kaɗa daga wannan ɓangaren ya ƙetare teku ya faɗa Amurka, ya yi barbara da ta can, ɗan da aka samu ya riƙe gadon iyaye biyu cikakku. Ba jirgi a lokacin, ba mai tuƙa shi. Irin kaɗar daji yana da tauri, yana jure ruwan gishiri. A 1989 Jonathan Wendel na jami'ar jihar Ayowa a Amurka ya nuna cewa DNA na ƙwayar koren ganyen kaɗar Amurka irin na wannan ɓangaren ne, wato uwar daga nan ta tafi, uban ne ɗan can.

Wannan haɗin ne ya ba da zare mai tsawo da ƙarfi. Hirsutum ita ce kusan kashi 90 cikin 100 na audugar duniya a yau. Bayan Turawa sun isa Amurka wani nau'inta ya shigo Afirka ta Yamma ya bazu a ƙasashen da ke kudu da Sahara, kakanninmu suka gurje shi, suka kaɗa da mazari, masaƙa suka saƙa. A zamanin mulkin mallaka aka kawo irin Allen, ɗan asalin Amurka, a 1912, aka kafa injinan gurza a garuruwa irin su Funtuwa da Gusau, cibiyar bincike ta Samaru kuma ta ci gaba da fid da iri. Saboda haka kaɗar da ke gonar mutumin Gusau baƙuwa ce daga Amurka, amma rabin gadonta daga wannan ɓangaren duniya ya tashi.

Ka tsaga gurya ka duba, za ka ga ɗige-ɗige baƙaƙe. Gidajen wani sinadari ne mai suna gosifol da ke kare ta daga ƙwari. Shanu manya suna jure shi, kaji da 'yan maruƙa ba su jurewa sosai, shi ya sa ba a cika musu ƙulin gurya.

Kuka tamu ce ko ita ma zuwa ta yi?

Tamu ce, sai dai danginta na kusa suna ƙetare. Jinsin Adansonia nau'i takwas ne: shida a Madagaska, ɗaya a arewa maso yammacin Ostireliya, ɗaya a nahiyar Afirka, wato kukarmu. An yi wa jinsin suna da Michel Adanson, Bafaranshen da ya isa Senegal a 1749 ya bayyana ta. Binciken rubutun gadon nau'o'in takwas da aka buga a 2024 ya nuna Madagaska ce cibiyar da suka rarrabu, kimanin shekaru miliyan 21 da suka wuce, 'ya'yan suka bi ruwan teku zuwa Afirka da Ostireliya. Kukarmu ita ma ta ninka sandunan gadonta, sun kai wajen 160 ko fiye.

Tsawon ranta ba almara ba ne. Wata kuka a Zimbabuwe da ake kira Panke an auna ta da kimanin shekaru 2,450 kafin ta faɗi. Mu a nan matsalarmu daban ce: ana sassabe ganye tun kafin ta yi fure, awaki kuma na cinye 'yan ƙananan. Ka ƙirga tsofaffin kukoki a kan hanyar Wurno, sannan ka nemi matasa.

Rimi da tumfafiya duka suna fid da auduga. 'Yan'uwan kaɗa ne?

Rimi ɗan dangi ne, tumfafiya ba ta ciki. Ita tana cikin masu farin nono, 'yan Malvaceae kuwa ba su da shi. Ko tsakanin rimi da kaɗa zaren ba iri ɗaya ba ne. Na kaɗa daga fatar gurya yake tsirowa, yana murɗewa idan ya bushe, shi ya sa yake kaɗuwa. Na rimi da gurjiya daga bangon kwanso yake fitowa, santsi gare shi, ciki rami, ba ya kama mazari, sai dai cusa katifa, matashi da lifidin doki. Sauran 'yan jinsin rimi duk a Amurka suke, kuma shaidar DNA ta nuna namu ma daga can ya ƙetaro da kansa. Kaɗa ta yi yamma, rimi ya yo gabas.

Tun yaushe dangin yake?

Garin fure, ganye da katako da suka zama dutse, tare da lissafin canjin DNA, suna kai tushen dangin ƙarshen zamanin da masana ƙasa ke kira Kiritashiyos, wanda ya ƙare shekaru miliyan 66 da suka wuce. A wannan lokacin yankin Sakkwato teku ne mara zurfi. Ƙasusuwan wata dabbar ruwa da aka haƙo a ƙasar Goronyo ne suka sa aka raɗa mata suna Goronyosaurus a 1972, farar ƙasar Kalambaina da ake siminti da ita kuma ajiyar tekun da ya biyo baya ce. Ba ana nufin guro ko kuka suna nan a lokacin ba. Kakannin dangin ne, a wasu wurare.

Wannan magana ba ta taɓa aƙida ba?

Hukuncin addini na malamai ne, a je gare su. Abin da mai nazarin tsirrai ke kawowa shi ne abin da aka auna: wannan na da sanduna 26, wancan 52, rabi ya dace da na nan, rabi da na can. Masu kyautata iri sun maimaita irin wannan haɗin da hannunsu a gonar gwaji sun samu kaɗa mai sanduna 52. Manomin da ke ware guron da ya fi saurin haihuwa don iri, shekara bayan shekara, ya riga ya san tsiro yana canzawa daga zuriya zuwa zuriya.

Su wa ne maƙwabtan dangin?

A rukunin da ya fi dangi girma, Malvales, akwai rawaya, tsiron nan mai furen ruwan ƙwai da ke fitowa a ƙasa bayan gobarar daji, wanda ake rini da saiwarsa. Akwai kuma itacen Aquilaria na Asiya da ake samun turaren udu daga gare shi. Rukunin da ke biye da su shi ne na kabeji, kuma zogale da gwanda a ciki suke.

Manomi me zai ƙaru da shi a duk wannan?

Ƙwaro ya riga masana sanin dangin. Jan ƙwaron nan mai baƙin ɗigo da ke tsotsar gurya ya ɓata zaren kaɗa, idan ba kaɗa a gona yana komawa kan guro, rama da sure, ko ya taru a gindin kuka, rimi da kukkuki yana cin irin da ya zuba. Ka ɗaga busasshen kwanson kuka da rani, sau da yawa za ka gan su jajaye cunkus. 'Yan ƙwarin nan masu tsalle da ke mai da ganyen guro rariya su ne ke cin sure da rama. Tsutsa mai ƙaya da ke huda ƙwallon kaɗa ita ce ke huda ɗanyen guro. A Gana, inda cutar kumburin reshen koko ta bayyana a 1936, an gano ƙwayar cutar tana iya zama a jikin rimi, kuka da wasu dangin goro na daji.

Don haka wanda ya cire kaɗa ya shuka guro, ko ya cire guro ya shuka sure, bai sauya wa gona komai ba a wajen ƙwari. Sauyi na gaske shi ne gero, dawa ko masara. Idan matsalar tsutsar saiwa ce, wadda ke sa saiwar guro ta yi ƙulle-ƙulle, to tumatir ma ba mafita ba ne, domin tana cinsa ko da yake ba ɗan dangi ba ne. Dokar da malaman gona suka daɗe suna nanatawa ta tuge karan kaɗa a ƙone bayan tsinka tana rasa amfani idan an bar tsohon guro tsaye a gefen fadama duk rani.

Nasaba kuma ita ke faɗa wa mai kyautata iri inda zai nemi taimako. Guro ba ya barbara da sure, balle kaɗa, sun yi nisa. Amma yana karɓar garin furen 'yan jinsinsa na Abelmoschus, ta haka aka samu nau'o'in guro masu jure cutar rawayar jijiyar ganye a Indiya. Kaɗa ma tana da 'yar'uwa ta daji a Sahel, Gossypium anomalum, wadda ba ta da zaren sayarwa, amma masu bincike suna ɗibar gadonta don laushin zare da jure ƙwari. Tsofaffin irin guro da sure da mata ke ajiyewa a ƙwarya da tsumma a ƙauyukan Gwadabawa da Illela suna cikin wannan ajiyar, don haka wanda ya sayi irin kamfani ya bar kunya ɗaya ko biyu ga na gida, nesa kaɗan da sabon, ya ɗebi irinsa daga kwansunan da suka bushe a kan uwa.